Ƙusa Mai Kai Biyu a Ɗakin Masu Takaba

Sufeto Ramiro Zalazar bai kai ga kurɓar shayin mate ɗinsa na safe ba, Saje Pintos ya leƙo ofis. Leburorin da ke gyaran tsohon gidan wasan kwaikwayo na La Alondra sun fasa bango, sun tarar da mutum a ciki.

"Mutum ko gawa?"

"Ƙasusuwa, Sufeto. Har da takalmi a ƙafa."

Mu mutanen Puerto Almada babu irin wulaƙancin da ba mu yi wa gidan wasan nan ba. Kakanninmu suka gina shi lokacin da hatsi ke da daraja: zaure mai lanƙwasa kamar kofaton doki, bene hawa uku, rufi cike da zanen mala'iku. Iyayenmu suka toshe rabinsa da bulo suka mai da shi silima. Mu kuma muka ba wani fasto haya, ya shafe mala'ikun da farin fenti, da ya gudu muka bar wa tantabaru. Yanzu da zaɓe ya matso, an tuna cewa kayan tarihi ne.

Malena Bertolotti, mai zanen ginin da ke kula da gyaran, ta tarbe su da ƙura har a gira. Ta kai su gefen hagu na zauren, inda guduma ta huda bulo. Bayan bulon akwai ragar ƙarfe mai ado, bayan ragar kuma wani ɗan ɗaki mai duhu.

"Ɗakin masu takaba ne," in ji ta. "Macen da mijinta ya mutu ba ta zama cikin jama'a. Ta lungun baya take shigowa, ta zauna nan, tana ganin wasa ba a ganinta. A shekarar saba'in da bakwai aka toshe irin ɗakunan nan duka, lokacin da za a yi silima."

Zalazar ya haska tocila. Kwarangwal ne a zaune, ya jingina da ƙofar baya. Ga bargo, ga filas, ga ƙoƙon mate, ga gwangwanayen kifi an buɗe an lashe tas.

Pintos ya ɗago agogon da ke wuyan hannun, ya karanta abin da aka zana a baya. "Aníbal, daga Ofelia."

A garin nan ko yaron goye ya san fuskar Aníbal Rinaldi, ɗalibin da ya ɓace zamanin soja, domin shekara arba'in da ɗoriya ke nan yayarsa Ofelia tana zagaya dandalin gari da hotonsa kowane mako.

Kafin su isa gidan Doña Ofelia labari ya riga su. Tana zaune a kujerar guragu, ta sa baƙar riga. Mijinta, Don Evaristo Luján, tsohon kafintan dandamalin La Alondra, yana tsaye a bayanta yana gyara mata mayafi. Allon hoton Aníbal yana jingine da bango.

"Zauna, ɗana," ta ce wa Sufeto. "Shi ne?"

"Sai likita ya tabbatar, Doña. Amma ga agogon."

Ta riƙe shi da hannu biyu, ba ta yi kuka ba.

"Likitana ya ce ba zan ga bazara ba. Abu ɗaya nake so. Suna. Wane hafsa ne, wane soja ne. Ko ya mutu, ka kawo mini sunansa in san wanda nake tsinewa. Na gaji da tsine wa iska."

"Zan yi ƙoƙari." Ya juya. "Don Evaristo, kai ne ka ga an ɗauke shi?"

"Ni ne. Na faɗa wa alƙalai, na faɗa wa 'yan jarida. Mota ce marar lamba, a kwanar bayan gidan wasa. Mutum uku suka tura shi ciki."

"Wani ya gani ban da kai?"

"A wancan lokacin wa ke gani, Sufeto? Kowa makaho ne."

"Da ba don tsohon nan ba da tuni na haukace," in ji Doña Ofelia, tana shafa hannunsa. "Ko mako ɗaya bai taɓa barina na je dandali ni kaɗai ba."

A mota Pintos ya ce, "Aikin soja ne, mu miƙa wa kotun tarayya mu huta."

"Ka taɓa jin sojan da ya ba fursuna bargo da filas? Ɓoye shi aka yi. Nemo mini birkilan da ya yi bangon."

Birkilan, Don Cosme Benítez, yana tsakar gida yana ba kaji dusa, ya kusa casa'in, kunne ɗaya ya mutu, ko kuwa yana mutuwa ne idan ya ga dama.

"La Alondra? Ban taɓa taka wurin ba."

"Sunanka yana zane a siminti, Don Cosme. Da yatsa ka rubuta."

"To, yarinta ce." Ya watsa dusa. "Kai ɗan Zalazar mai kifi ne ko? Ubanka ya fi ka ladabi, ga shi kifinsa ruɓaɓɓe."

"Da mutum a ciki ka toshe ɗakin?"

"Allah ya kiyaye! Kowane ɗaki na leƙa, ko ɓera babu. Gaba kawai na toshe. Ƙofofin baya ban taɓa su ba, ni bulo na sani."

"Daga nan fa?"

Tsohon ya sake watsa wa kajinsa dusa.

"Sojoji suka zo neman wani yaro. Suka birkita ko'ina ba su samu ba, suka bar mutum biyu a bakin ƙofa suna ƙirga mu safe da yamma. Ranar na bi ta lungun baya, na ga ƙofa ɗaya ta ɓace, sai bango. Na ce wa kaina tsufa ne, alhali ƙarfina ke nan."

"Ba ku ji komai ba?"

"Mun ji bugu." Muryarsa ta sauka. "Muka ce bututun ruwa ne. Dukanmu muka ce bututu ne. Da ya daina, muka ce an gyara."

Wannan shi ne halinmu, kuma ba na faɗarsa da alfahari. Garin da zai kwana yana gardama kan ƙwallo, ya iya yin shiru na shekara arba'in.

Lungun baya na La Alondra ba ya wuce faɗin mutum ɗaya. Zalazar ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa, har ya zo inda sautin ya canza. Ya soka wuƙa, ta shige kamar a burodi.

"Wannan ai ba bango ba ne," in ji Malena. "Ƙyalle ne aka ɗame a katako aka yi masa fentin dutse. Irin bangon ƙaryar da ake kafawa a dandamali."

Suka cire shi. Ƙofar tana baya, an kafe ta da ƙusoshi daga waje. Kowace ƙusa kai biyu gare ta, ɗaya a nutse cikin katako, ɗaya a tsaye.

"Wace irin ƙusa ce wannan?"

"Ta 'yan dandamali. Abin da suka kafa yau gobe za su kwance, shi ya sa suke barin kai ɗaya a waje, da an sa guduma ta fito. Hannunsu ya saba, ko teburin gidansu da ita suke haɗawa."

Zalazar ya matso da tocila. Kusa da kowace ƙusa akwai wani ramin ƙusa, babu komai a ciki.

"An kafa, an cire, an sake kafawa," ya ce. "Wani ya dawo, Pintos. Ya buɗe, ya gani, ya rufe."

Da suka zare ƙusoshin suka juya ƙofar, Malena ta kau da kai. Cikin ƙofar duk karcen farce ne, daga tsayin kafaɗa har ƙasa.

Zalazar ya so ya kira Don Evaristo ofis shi kaɗai. Tsohon ya ce ba mai zama da matarsa, ita kuma ta ce ba sirrin da ke tsakaninsu. Dole aka yi a falonsu, da rana tsaka, miya na tafasa a kicin.

Sufeto ya ɗauki allon hoton Aníbal ya juya bayansa.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Evaristo mana," in ji Doña Ofelia. "Duk wanda ya tsufa sai ya yi mini sabo."

Zalazar ya ciro ƙusa daga aljihu, ya ajiye ta kusa da waɗanda ke jikin allon. Ta yi tsatsa, amma iri ɗaya ce.

"Kafintoci sun yi yawa a garin nan," in ji Don Evaristo.

"Na dandamalin La Alondra ɗaya ne a shekarar. Kuma mutum ɗaya ne ya ga motar da ba ta taɓa zuwa ba. Wace kala ce motar, Don Evaristo? A gaban alƙali ka ce koriya. A jarida ka ce baƙa."

"Evaristo," in ji matar. "Me yaron nan yake faɗa?"

Tsohon ya zauna a hankali.

"Ni na ɓoye shi, tsohuwata. Ya zo mini a guje. Na sa shi a ɗakin, na kai masa bargonmu. Da na ji za a yi bincike na kafe ƙofar, na rufa bango a kai. Na ce masa, 'Kwantar da hankalinka, suruki, irin ƙusar nan fizga ɗaya ce, gobe da safe zan fitar da kai.' Har dariya ya yi."

"Goben fa?" in ji Zalazar.

"Sojojin suka tsaya a ƙofa. Suna bin mu da ido har banɗaki. Kina da cikin 'yarmu Lucía. Na ce idan suka kama ni, ke ma sun kama ki. Na ce gobe. Kullum sai in ce gobe. Ina kan dandamali ina kwance katako, ina jin yana bugawa, sai in ƙara ƙarfin gudumata." Ya dubi hannayensa. "Da suka tafi na je na zare ƙusoshin. Yana zaune a jikin ƙofa ba rai, ya faɗo a ƙafata. Na mayar da shi, na sake kafewa. Na zo gida kika tambaye ni, sai na ji bakina ya ce mota."

Miyar ta fara ƙonewa, ba wanda ya motsa.

"Mun je silimar nan," in ji Doña Ofelia. "Ni da kai da yarinya. Muna cin gyaɗa."

"Mun je."

"Kana tura ni a dandali, ina ihu su fito mini da ƙanena."

"Na so in faɗa miki. Na rantse da Allah, kullum..."

"Gobe," ta ce.

Zalazar ya yi wa Pintos alama. Ba su sa masa ankwa ba, hannun ya yi siriri da yawa. Sufeto ya sani sarai da wuya wata kotu ta riƙe tsoho irin wannan, kuma sanin bai rage masa komai ba. A aikin nan ya sha kama mutum ya ji daɗi. Yau ji ya yi kamar shi ya yi ɓarnar.

A bakin ƙofa Don Evaristo ya waiwayo.

"Maganinki na rana yana kan firji. Farin ne, ba jan ba. Kada ki sha da ciki wayam."

Ba ta dube shi ba. Sai da ƙarar takalminsu ta kai titi ta ɗago ido ga Zalazar.

"Ka cika alkawari, ɗana, ka kawo sunan." Ta gwada tura kujerar da kanta, tayar ta ƙi motsi. "To yanzu wa zai ɗaga ni daga gado da safe?"

Zalazar ya shiga kicin ya kashe mata wutar, ya fita ya ja ƙofa.