Takardar da Ruwa Bai Ci Ba

"Ko dai ki cire ledar nan, ko ki ce min in daina zuwa."

Nevena ta riƙe ƙyauren gidanta, ta kasa kallon Lyuben, mai neman aurenta. A tsakaninsu, jikin ƙofar, takardar rasuwar mijinta Plamen ce da hotonsa yana murmushi.

Kowa a unguwarsu a garin Troyan ya san ba a yage takardar mamaci. Ruwa da iska ake bar wa, ran da suka cinye ta makoki ya ƙare. Ita kuwa ta zura tata cikin leda mai kauri, ta bi kusurwa huɗu da ƙusa. Shekara uku ke nan, na maƙwabta duk sun koɗe sun faɗi, Plamen na nan kamar jiya aka buga shi.

"Ba za ka gane ba..."

"Me ban gane ba, masoyiya? Sau tara na raka ki wurin likitan ƙwaƙwalwa. Tsohuwata ta rantse ba za ta shigo neman aure ta gaban fuskar wani ba. Ga 'yar maƙwabciyarmu kullum sai ta kawo min tiren wainar banitsa, sai ka ce mu ne mayunwatan gari."

"To ka ci mana, wa ya riƙe maka baki?"

"Zuwa Lahadi, Nevena. Na gaji."

Ya juya ya tafi.

Haushi ya turnuƙe ta. Haushin Lyuben da ya fi ta gaskiya, da haushin Plamen da ya shiga motar asibiti lokacin annoba yana cewa a ajiye masa miya, jibi zai dawo. Akwati aka kawo mata a rufe ruf, aka hana ta ko taɓawa. Tana son Lyuben, wannan ba ta musu, amma fuskar nan ita kaɗai aka bar mata.

Ranar Asabar surukarta Tsonka, mahaifiyar Plamen, ta biyo daga maƙabarta da kwanon dafaffiyar alkama ta sadaka. Ta ƙi shigowa.

"Mama, ki zo ki zauna."

"Yaushe rabona da ƙofar nan, kin lura? In zan je kasuwa ta bayan coci nake zagawa, da wannan gwiwar tawa, don kada mu haɗa ido."

"Ni ban gan shi ba, Mama... ko sallama ban yi masa ba."

"Ni na gan shi ne? Ni da na haife shi?" Muryar tsohuwar ta karye. "'Ya'yan mutane duk sun tafi sun huta, nawa kin tsayar da shi gadi. Sakar min ɗa, ɗiyata."

Ta ciro almakashi daga jaka ta ɗora a kan kwanon.

Nevena ta daɗe tana kuka kafin ta yanke ledar. Amma ba ta taɓa takardar ba.

Da safiyar Lahadi aka kece da ruwa. Lyuben ya iso da laima, ya same ta tsaye a waje sharkaf, tawada tana gangarowa daga sunan Plamen. Bai san lokacin da ya miƙa laimar ya kare hoton ba.

Ta kama hannunsa ta janyo laimar zuwa kanta.

"Bar shi ya tafi," ta ce a hankali. "Ni ce nake jiƙewa."