Muryar da Banƙoshi Ya Ɗauko a Bayan Mahauta

Ko na rantse har harshena ya bushe ba za ku yarda da wannan ba. To, ku zauna da rashin yardarku, amma mai cin abinci ya ture kwanonsa tukuna.

Kun san Banƙoshi. In ba ku san fuskarsa ba, kun san muryarsa. Shi ne yaron nan mai kumatu na tallar madara a talabijin, wanda ke lashe cokali ya ɗago kai ya ce, "Mama, ban ƙoshi ba." Tun bai gama famfara ba ya yi tallar, sunan ya bi shi har gemu. Makaranta kuwa da wuri ya yi mata sallama, wai malaman da ke roƙonsa ya yi musu "ban ƙoshi ba" me za su koya masa?

Da kumatun suka zube, masu fim suka daina nemansa, sai ya koma barkwanci da sa wa 'yan katun murya. A nan babu mai ja da shi. Tsohuwa, ɗan sanda, akuya mai mura, duk suna kwance a maƙogwaronsa. Ya taɓa kiran Daraktan situdiyon da yake aiki a waya da muryar surukarsa, bawan Allah ya gaishe ta a durƙushe a tsakiyar ofis. Amma abin da ke ciyar da shi muryar yaron nan ce. Gardi guda, ya matse wuya, sai yaro ya fito tas. Kowane katun sai Darakta ya cusa "ban ƙoshi ba" a ciki, don ita mutane ke jira.

Wata rana suna aikin wani katun mai dodo da ke cin ƙashi. An tauna kabeji a gaban makirfo, an matse jiƙaƙƙen soso, Darakta ya ce duk ƙarar wanki ce. Injiniya, dattijon da ke zama gaban na'ura, ya ce a samo ƙashi mai ɓargo. Banƙoshi ya ce shi zai je mahauta, don dai ya zille wa aikin yamma.

Ya isa rana na faɗuwa, masu nama sun tashi. Ya zaga ta baya ko zai tsinci wani abu. Siririyar hanya ce, babu kowa, sai wata kwalbati da ruwan wankin jini ke bi. Ƙarni ya doki hancinsa. Ƙudaje sun yi baƙi a bakin ramin.

Sai ya ji ana ci.

Tsotsa, a hankali. Ƙashi ya fashe. Wani abu mai kauri ya zuƙu, ya wuce maƙogwaro da ƙyar. Tanɗar baki. Gyatsa mai ruwa.

Kunnensa na sana'a ya miƙe. Wannan ce ƙarar da ake nema. Ya toshe hanci, ya tsuguna, ya miƙa waya cikin ramin, ya danna ɗaukar murya.

Da ya ga ya isa, ya sake dannawa. Ƙarar ta yanke ɗif, a tsakiyar tauna.

Ya leƙa. Can cikin duhu wani dogon muƙamuƙi na ci gaba da motsi. Ƙashi na karyewa a cikinsa, dalala na zuba. Babu sauti ko kaɗan.

Muƙamuƙin ya tsaya.

Banƙoshi bai san inda takalminsa ɗaya ya faɗi ba.

Amma kun san halin mutumin. Gari na wayewa ya ce wa kansa kare ne, ya shiga situdiyo yana taƙama, ya kunna musu. Darakta ya ajiye shayinsa, ya ce, "Tir. Ita ce."

Injiniya ya cire abin sauraro daga kunne, ya dube shi. "Ɗana, ina ka ɗauko wannan?"

"Ɗauko? Haba Baba. Tawa ce. Da maƙogwaron nan na yi ta."

"Ƙarar nan wari take."

"Hancinka ne ya tsufa."

Da la'asar Darakta ya fita, aka bar su su biyu su gama muryar yaron. Banƙoshi ya shiga ɗakin ɗauka, ɗan akurki mai bangon soso, ba taga, sai gilashin da ke kallon Injiniya. Ya ja ƙofa. Ya sa abin sauraro.

A jiƙe yake. Ya shafa kunne, yatsansa ya fito da yauƙi.

Ƙuda ya sauka kan makirfo. Wani ya bi shi.

Ta gilashi, Injiniya ya sunkuya yana gyaran wata waya a ƙarƙashin tebur.

Ƙarni ya cika ɗakin. A lungun bayan ƙofa soson bango ya yi baƙi, yana naso. Wani abu na tsugune a wurin, gwiwoyinsa sun wuce kansa. Muƙamuƙin jiya ne. Ya buɗe, ya rufe, babu sauti. Maganar a cikin abin sauraro ta fito, a jiƙe, daf da dodon kunnensa.

"Ka ɗauki muryata."

Banƙoshi ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗauka kawai. Haka muke cewa a aikinmu. Ba ɗauka ba ce irin ta ɗauka."

"Tun jiya nake ci ba na jin kaina. Abincin ba ya sauka."

"Zan goge. Yanzu."

"Ka ce taka ce. Riƙe ta. Ni ma ɗauka zan yi."

Hannu ya miƙo, ba tare da abin ya tashi ba. Yatsa ɗaya, dogo, mai maiƙo, da ɓargo a ƙarƙashin farce. Ya shiga bakin Banƙoshi, ya kwanta a kan harshensa. Ɗanɗanon ruɓaɓɓen jini ya sauka masa har ciki.

Ko a nan shegantakar ba ta bar shi ba. Mai muryoyi da yawa, in ya ba da ɗaya me ya rage shi? Ya yi muryar tsohuwa.

Yatsan ya laluba. "Ta maƙwabciyarku ce."

Ya yi ɗan sanda.

"Aro."

Ya yi akuya. Yatsan ya wuce ta. Banƙoshi ya yi magana da muryarsa ta kullum, yana kakarin amai.

"Ta ubanka ce. Kwaikwayonsa kake."

Yatsan ya ƙara nutsawa. Banƙoshi ya gane abin da ake lalube: muryar yaron. Ya danne ta can ƙasa, ya kame wuya. In ya yi shiru, ba za a same ta ba.

Injiniya ya ɗago daga ƙarƙashin tebur. Idonsa na kan na'ura, bai dubi gilashi ba. Jar fitila ta kama.

"Muna ɗauka."

Tun yana ɗan mitsitsi, in jar fitila ta kama aka faɗi wannan kalma, bakinsa ba ya neman izininsa.

"Mama, ban ƙoshi ba."

Yatsan ya lanƙwashe.

Wani abu siriri mai ɗumi ya zare daga maƙogwaronsa.

Wani abu mai sanyi da kauri ya zame ya maye gurbinsa.

Injiniya ya buɗe ƙofa ya same shi a rarrafe, yana kwara amai. Ɓarɓashin ƙashi ne a ciki, da tsutsa. Lungun babu kowa. Dattijon ya toshe hanci da hularsa, ya ce, "Taka ce, ko? To ga tsumma, goge abinka."

Banƙoshi na nan, bai mutu ba. Tsohuwa na fita, ɗan sanda na fita. Amma in ya matse wuya ya nemi yaron, tsotsar nan ce ke fitowa, da gyatsarta da warinta. An ɗauko wata yarinya tana yin muryar yara. Shi kuwa dodanni kawai ake ba shi, makirfonsa daban, a ƙulle cikin leda, kuma babu mai shiga ɗakin bayansa sai an kunna fanka. Mahaifiyarsa takan kira shi ta ce, "Yi mini ban ƙoshi ba mana, na yi kewarta." Sai ya ce layi ba kyau.

Masu nama sun daina bin hanyar baya da yamma. Sun ce ba warin ne ya kore su ba. Wai daidai faɗuwar rana wani yaro ke magana a cikin kwalbati, da murya mai daɗi wadda kowa ya sani tun yana ƙarami. Kuma duk macen da ta ji sai ƙafarta ta tsaya.