Tsakuwar Akwatin Kifi

Ranar da abin ya fara, gidan Ibrah a Filinge yana nan kamar kowace magariba. Matarsa Delu tana kwashe tuwo, ladan yana gyara murya, shi kuma yana tsaye gaban akwatin gilashinsa yana huci.

Akwatin nan shi ne abin tinƙahonsa. Da ya aje aikin duwan, wato kwastan, a Yamai ya dawo gida, mutane sun zaci shanu zai saya. Sai ga shi ya sauko daga mota da gilashi da jajayen kifi shida, a ƙasar da mata ke bin layin rijiya tun asuba. Tsakuwar da ya shimfiɗa a gindin akwatin kuwa, da hannunsa ya ɗebo ta daga wani tsohon tafki da ya ƙafe a hanyar Tondikandiya. Bai tambayi kowa ba. Ibrah dama ba mai tambaya ba ne.

Cikin sati biyu gansakuka ta rufe tsakuwar. Ya janye akwatin daga taga, ya rage wa kifin abinci, ya canza ruwa, ya yi ta goga da burushi har yatsunsa suka yi laushi. Bayan kwana uku ta dawo, kore shar, ta fi ta da kauri. Shi ne a wannan yammacin ya juye tsakuwar a daro, ya kira autarsa Samiratu, wadda ke shirin jarrabawar bak ta gama sakandare.

"Tahwasa ruwa ki kwara mata, in ga ta tsiya."

Delu ta ɗago daga murhu. "Maigida, ruwan zahi da magariba? Ka bari sai sahe."

"Ke dai da camhinki. Zuba, Samiratu."

Hankalin yarinyar yana kan littafinta, ko bisimilla ba ta yi ba ta juye tukunyar. Tururi ya tashi. A cikin tururin aka ji wani siririn kuka irin na jariri, sau ɗaya tak, ya yanke. Su ukun duk sun ji, kuma babu wanda ya kalli wani.

Washegari da faɗuwar rana aka fara jifa. Tsakuwa na sauka kan kwanon ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Delu ta tsinci guda, ta ji ta a jiƙe, ga koren abin nan manne da ita. A rana ta uku Samiratu ta daina magana. Ta zauna gaban akwatin, ta ƙura wa ruwan ido, hannunta na dama a dunƙule, da zafi kamar an ciro shi daga wuta. Aka kai ta asibiti, ba su ga komai ba. Ta ƙi ci, ta ƙi sha, leɓɓanta suka tsage. A rana ta shida Delu ta ga 'yarta za ta tafi tana kallo, sai ta yafa mayafi ta shiga motar Bonkuku don ta ɗauko Malam Albarka, mai ruƙiyya. Ba ta nemi izini ba, shi ma Ibrah bai hana ta ba.

Malam Albarka ɗan tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya. Sun iso rana ta yi ja. Ya dubi akwatin, ya dubi daron tsakuwar.

"Kowa shi kama bakinshi," ya ce. "Ni kaɗai za ni magana da aljanar. Abin da mutum yaf faɗa musu da bakinshi, riƙewa su kai, ba su mayarwa."

Ya zauna ya fara karatu a hankali. Jifan ya tsaya. Injin da ke hura wa kifin iska ya mutu, gidan ya yi tsit. Can sai bakin Samiratu ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a shaƙe kamar daga ƙarƙashin ruwa.

"Bari ƙona ni, malam. Ni ba shigowa niy yi ba. Ɗauko ni anka yi."

"Daga ina?"

"Tabkina ya ƙahe shekara tara. Muna kwance ƙalƙashin tsakuwa muna jiran ruwa, wanga mutum yak kawo mu ruwan da ba shi ƙahewa. Har albarka ni ka sa mishi. Koren da shi ka gogewa, shimhiɗar ɗiyana ta. Shi kwashe in sake, shi kwashe in sake, ban yi hushi ba. Sannan anka kwara muna wuta." Muryar ta karye. "Ƙaramin bai tashi ba."

Delu ta toshe baki da mayafi. Ibrah ya ji kunya da tsoro, irin waɗanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

"Allah shi ba ki haƙuri," in ji Malam. "An cuce ki, amma ba da sani ba. Ni da kaina za ni maida ku tabkinku. Ki saki yarinya."

"In tahi da ita. Ɗa ya maye ɗa."

"Rai ba naki ba na."

"To, hannun da yaz zuba."

"Ko akaihwa ba ki samu."

Ya koma karatu, yanzu da ƙarfi. Muryar ta yi ta ihu tana raguwa, duk mai kunne ya san saura kaɗan ta fita ba tare da komai ba. Amma jikin da ke murɗewa a tabarma na Samiratu ne. Hannun nata ya lanƙwashe baya har ƙashi ya yi ƙara, hawaye na bin kuncinta. Ibrah, wanda bai taɓa amsa laifi gaban kowa ba, ya faɗi a gwiwa.

"Ni nis sa ta! Uwatta ta hana, nic ce ta zuba. Ki ɗauki nawa, ki bar mini ɗiyata!"

Malam Albarka ya yanke karatu, ya runtse ido.

"Na ji," in ji muryar, a hankali. "Na karɓa."

Wata iska mai warin laka ta ratsa ɗakin ta fice ta ƙofa. Yatsun Samiratu suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Malam ya tashi, ya rufe daron tsakuwar da rawaninsa, ya ɗauka ya fita, bai yi wa Ibrah faɗa ba, bai kuma dube shi ba.

Samiratu ta buɗe ido, ta juya kai, ta ga mahaifinta.

"Baba, ƙishirwa."

Ya yi wuf ya nufi randa. Ya kai hannun dama ga moɗa, yatsun suka ƙi rufewa. Ya sake gwadawa, hannun ya zame ya rataya a gefensa, sanyi ƙalau. Sai ya ɗebo da ɗayan, ya durƙusa ya kai mata baki. Ta sha har ta ƙoshi, ta numfasa, sannan ta lura.

"Baba, mi yas sa kab ba ni da hagu?"

"Sha dai, ɗiyata," ya ce. "Ƙara sha."