Shafin da Aka Yanke daga Littafin Farfesa

Ranar Litinin da hantsi aka gano cewa littafin aikin marigayiya Farfesa ya tsallake daga shafi na 112 zuwa na 115. An yanke takarda guda daga tushe, yanka mai kyau, kamar da reza.

Da Sufeto ta 'yan sanda ta iso ɗakin binciken asibitin, mako uku ke nan da rasuwar Farfesa, amma farar rigarta na rataye a bayan ƙofa, alƙalami biyu a aljihu. Kowa a ɗakin yana rage murya idan zai wuce kujerarta. Sufeto ma ta tsinci kanta tana yin haka, alhali ba ta taɓa ganin matar ba.

Ɗalibar da ta gano ɓarnar, wadda suke kira Auta, ita ta bayyana mata aikin. Ana ɗibar ƙwayoyin garkuwar jiki daga jinin mai ciwon daji, a gyara musu halitta yadda za su gane cutar, sannan a mayar masa. Farfesa ta rubuta maƙala sama da tamanin a kan wannan, ta ƙarshen na gab da fitowa a mujalla. Ranar Alhamis mai zuwa kuma za a saka wa wani tela da ke kwance a saman benen asibitin nasa ƙwayoyin. Kwamitin asibiti ne ya nemi littafin kafin ya sa hannu, takardar da ta ɓata kuwa a kan ƙwayoyin telan take.

Mutum uku ne ke shiga ɗakin: Auta, da Dakta mataimakin Farfesa, da Inna mai wankin kwalabe.

Auta ta amsa tambayoyi tana murza yatsu. Watanta shida kacal a wurin. Ranar Alhamis da ta wuce ta duba littafin, shafukansa cif. Juma'a an rufe aiki don feshin magani, ita kuma tana wajen taro tun safe, hotonta a taron na jikin allon sanarwa. Sufeto ta sallame ta.

Dakta dogo ne, idanunsa sun faɗa. Ya ce shekara goma sha tara yana aiki da Farfesa, kuma shi ke sa hannun shaida a ƙasan kowane shafi, kamar yadda dokar ɗakin ta tanada.

"To me aka rubuta a shafin da ka shaida?"

"Ranki ya daɗe, shafi dubu nawa na sa wa hannu? Lissafi ne kawai."

"Ka shigo ranar Juma'a?"

"Na leƙo. Ban taɓa komai ba."

Inna tana can ɗakin baya, kusa da tukunyar tururi da ake dafa sharar gwaji kafin a kai ta ƙonawa. Ba ta jira tambaya ba ta fara mita: wai an ce ba aiki ranar Juma'a, amma yau ta zo ta tarar da ledar shara guda a kwandonta, ita kuwa ba ta kunna tukunya sai leda huɗu sun taru.

"Ta Auta ce, Inna?"

"Wa? Wannan 'yar da ke ɗaure leda kamar an kore ta? Kullum sai na bi ta da faɗa. Dubi nan, 'yata."

An murɗe bakin ledar, an lanƙwasa shi gida biyu, an naɗe da salatif zagaye uku. A jikin salatif ɗin an rubuta kwanan wata, shekara a farko, rana a ƙarshe. Inna ta ce haka Farfesa ta koyar tun suna tsohon gini, kuma duk wanda ya kuskure sai ya kwance ya sake a gabanta. Cikin waɗanda suka sha wannan horo, su biyu suka rage, ita da Dakta.

Sufeto ta sa safar hannu ta kwance ledar. Takarda ce a dunƙule cikin auduga, rubutun da tawada baƙa. Ta karanta sau biyu, kamar mai rubutun na tsaye tana jiran ta gama.

Ta koma ta ajiye takardar a gaban Dakta. Ta ce masa da Inna ce, da ta jefa takardar cikin tukunya ta kunna, ba wanda zai sani. Da Auta ce, da ta cusa ta a jaka ta fita da ita. Wanda ya yi wannan mutum ne da hannunsa ba zai iya fitar da komai daga ɗakin nan ba sai ta hanyar da aka koya masa, har da kwanan wata.

Dakta ya daɗe yana kallon rubutun. Farfesa ta rubuta cewa gyaran ya taɓa inda bai kamata ba, ƙwayoyin na iya rikiɗewa su zama wata cutar. A ƙasa ta ja layi biyu: kada a saka wa kowa, a janye maƙalar.

"Kwana biyu kafin ta faɗi ta rubuta shi," in ji shi a hankali. "Na ce mata gwaji ɗaya ne, a sake. Ta ce za mu yi magana. Ba mu yi ba." Ya share fuska. "Kullum na zauna a nan sai in ji kamar za ta ce, Dogo, ina takardata? Amma mutumin nan na sama ba shi da wani magani, ranki ya daɗe. Wata biyu aka ba shi."

"Shi ka tambaya?" in ji Sufeto.



Bayan an tafi da Dakta, kwamitin ya dakatar da komai. Sufeto ba ta da wani aiki a sama, amma ta bi likitar da za ta kai saƙon. Telan na zaune a bakin gado, ya yi aski, matarsa na ninke masa wata riga mai sabon ɗinki. Ya dubi likitar, ya dubi kakin Sufeto, ya gyara zama.

"An ɗaga ne?" ya tambaya. "Ba komai. Zuwa yaushe?"