Igiyar Kombo

Shekara tara ke nan Mwanajuma da mijinta Kombo ba su da wani gida sai jirgin ruwansu mai tafiya da iska, a gaɓar tsibirin Pemba. Ta san halin jirgin sarai: ko mage ce ta hau, sai ya karkata.

Ran nan bayan magariba, ƙugiyar da ke riƙe jirgin ta maƙale a dutse can ƙasa. Don ya nutsa ya ciro ta, Kombo ya goya tukunyar iskar numfashi, saura kaɗan a cikinta, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa matarsa bakin.

"In na ja sau biyu, iska ta ƙare, ki jawo ni. Ban da gyangyaɗi."

"Tafi can, tsoho, shinkafa na hucewa."

Ya nutse. Kumfa ta yi ta tasowa har duhu ya rufe ta.

Can sai ta ji shi a bayanta, ya hawo ta ɗaya gefen, ruwa na ɗiga daga jikinsa.

"Uwargida, saki igiyar nan, na kwance ta. Zo ki zuba mana abinci."

Muryarsa ce, sai dai babu haki. Har ta sassauta yatsu, sai idonta ya faɗa kan kofin shayin da ta cika maƙil ta ajiye kan benci. Ko ɗigo bai zuba ba. Jirgin bai karkata ba.

"Saki mana," in ji muryar, yanzu dab da kunnenta.

A hannunta, daga ƙasa, aka ja igiyar sau ɗaya. Aka sake ja.