Ka Shiga Bas, Ukasha

"Kada ka karɓi makullin nan, Ukasha! Don girman Allah kada ka karɓa!"

Ilham ta yi saurin toshe baki da gefen hijabinta. Ta manta a bayan rumbu take tsaye, katanga ce kawai tsakaninta da zauren Baba.

"Sahibata, ki saurare ni mana," muryarsa ta fito daga wayar, a dashe saboda gajiya. "Ga ni a ofishin masu ba da hayar mota. Sa hannu kawai ya rage. In na tuƙa kaina, kafin la'asar ina Kasabalanka, na shiga jirgin sama hankali kwance."

"Bas ɗin fa?"

"Sai bayan azahar zai tashi, kuma yana tsaye-tsaye a hanya. In an yi sa'a mu isa a ƙurarren lokaci. In ba a yi ba..."

Bai ƙarasa ba. Ita ma ba ta buƙaci ya ƙarasa ba.

Ukasha ɗan Bebeji ne, karatun noman rani ya kai shi garin Agadir a ƙasar Maroko. Sau biyu ana tsayar da maganar aurensu, sau biyu makaranta tana riƙe shi. Ana cikin haka Kamilu, ɗan Goggonta mai shagon taki a Kwanar Dangora, wanda ya daɗe yana sonta tana kauce masa, ya fara yawo da zance wai Ukasha ya auri Balarabiya a can, shi ya sa ƙafarsa ta ƙi gida.

Zancen ya zaga Tudun Wada, ya faɗo kunnen mahaifinta, Malam Dikko.

Shi kuwa mutum ne da ba ya magana biyu. Yana yaro ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu, ya taso yana ganin an yi wa iyayensa alƙawura an saɓa, don haka babu abin da ya tsana kamar "gobe".

"In bai zo da ƙafarsa ranar Juma'a ba, a mayar musu da goronsu," in ji shi.

Yau Laraba. Jirgin yammacin yau kaɗai zai iya kawo Ukasha kafin Juma'a.

"Yaushe rabonka da barci?" Ilham ta tambaya.

Ya shiga kame-kame.

"Ukasha, yaushe?"

"Jarrabawar ƙarshe ce ta hana ni... amma idona biyu, wallahi. Zan sha shayi mai ƙarfi."

"Ka taɓa tuƙi a ƙasar?"

"Titi ai titi ne, hasken idona."

"Kai da bakinka ka ce min hanyar cikin duwatsu take bi! Kai ka ce tun jiya ake ruwa!"

"Ilham, in na rasa jirgin nan na rasa ki. Kin gane kuwa? Na rasa ki!"

Ta zauna a jikin rumbun. Marigayi wanta, Yaya Mahmudu, ne ya faɗo mata a rai. Shi ma haka ya ce ranar da ya lodo tumatir bayan ya kwana ban-ruwa: idona biyu, Inna. Ko Kwanar Dangora bai wuce ba barci ya sace shi. A tabarma aka dawo da shi gida.

Hawaye suka zubo mata, masu zafi.

"Gara na rasa ka kana numfashi," ta ce a hankali. "Ka shiga bas, Ukasha."

"Ko da zai ja mana..."

"Ko da zai ja mana komai. In kana sona, ka ajiye musu biron nan ka fita."

Ta ji numfashinsa, ta ji wani yana yi masa magana da Larabci. Can ta ji ƙarar ƙofa.

"Na fito," ya ce. "Allah Ya sa kada mu yi kuka da wannan."

Yinin nan Ilham ba ta san yadda ta yi shi ba. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta ɗora ruwa ta manta har tukunya ta ƙone. Mahaifiyarta Inna Halima ta dube ta ta sake dubawa.

"Ke lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau, Inna."

"Wannan lafiyar taki Allah Ya raba mu da ita."

Bayan azahar saƙo ya shigo: mun tashi. Wani ya biyo: ruwa ya yi ƙarfi, direba yana tafiya kamar hawainiya. Daga nan wayar ta yi tsit.

Ta kira, a kashe.

Ta sake kira, a kashe.

Ta shiga ɗaki ta shimfiɗa sallaya, amma ta rasa me za ta roƙa. Ya sami jirgi? Ya isa da rai? Ta zaɓi na biyun, ta yi ta maimaitawa har harshenta ya bushe.

Ana kiran magariba wata baƙuwar lamba ta kira ta. Ta yi wuf ta ɗauka.

"Ni ne. Cajina ya ƙare, wayar wani na ara."

"Alhamdu lillahi! Kana lafiya? Ka isa?"

"Na isa." Muryarsa babu ko ɗigon rai. "Sun rufe ƙofa, Ilham. Ina kallo ta gilashi ya tashi. Babu wani gurbi sai Asabar."

"Ukasha, ka yafe..."

"Mai wayar yana jira. Sai da safe."

Bai ce sahibata ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Washegari da hantsi ta ɗauki kwanon fura ta bi Baba lambu, abin da ba ta saba ba. Ta same shi yana buɗe wa albasa ruwa, ƙafafunsa duk taɓo. Ta durƙusa a kan kunya.

"Baba, barka da aiki."

"Barka kadai. Me ya fito da ke?"

"Ukasha ba zai iso gobe ba."

Ko ɗagowa bai yi ba. "To. Magana ta ƙare ke nan."

"Baba, ni na hana shi."

Fartanyar ta tsaya.

Kanta a ƙasa ta zayyana masa komai: motar haya, rashin barcin, ruwan sama, duwatsun. Da ta zo kan sunan Yaya Mahmudu muryarta ta karye, ta kasa ci gaba.

Malam Dikko ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin kwalbati.

"Tashi ki tafi gida," ya ce kawai.

Furar ma bai taɓa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zaure ya cika. Kawu Muhuyi, wan mahaifin Ukasha, ya zo daga Bebeji da mutanensa, fuskokinsu a sanyaye. Kamilu ma ya hallara cikin sabuwar shadda, ƙamshin turarensa har tsakar gida. Ilham ta manne a bayan ƙyauren zaure.

"Ai dama na faɗa, Kawu," ta ji Kamilu yana cewa. "Mai iyali a can ina zai..."

"A kira min yaron," Baba ya katse shi. "A buɗe kowa ya ji."

Wayar ta yi ƙara, aka ɗauka. Ukasha ya gaida Baba cikin ladabi, ya gaida dattawa.

"Na ce ka zo yau, ba ka zo ba," in ji Baba. "Me ya hana ka?"

Ilham ta runtse ido. Faɗa masa, ta ce a ranta. Ka ce ni ce!

"Laifina ne, Baba," Ukasha ya ce. "Ni ne ban tsara tafiyata da kyau ba. Ba ni da hujja. Duk hukuncin da kuka yanke, ku iyayena ne."

"Babu wanda ya sa ka?"

"Babu, Baba."

Ilham ta cije hannunta don kada kukan ya fito.

Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Malam Muhuyi, ɗanku ya yi min ƙarya yanzun nan a gaban jama'a."

"Subhanallahi!" Kawu Muhuyi ya zabura.

"Zauna. Na san abin da ya faru, yarinyar ta same ni har lambu ta faɗa min. Ita ta hana shi tuƙi cikin gajiya, ya ji maganarta, ya rasa jirgi. Ga shi an matsa shi, ya gwammace a kore shi da ya ambaci sunanta." Muryar Baba ta yi rauni, ya dakata. "Na taɓa karɓar gawar ɗa daga kan titi. Da nawa ya sami mai hana shi, da yana zaune a nan."

Baba ya dubi dattawan.

"Ban taɓa janye magana ba, amma yau na janye. Kai kuma Kamilu, Balarabiyar nan, kai ka karɓa masa aurenta?"

"A'a Kawu... ji na yi ana..."

"To daga yau abin da ka ji ka bar shi a shagonka. Malam Muhuyi, Asabar ta sama a ɗaura. A yi fatiha."

Guɗar Inna Halima ce ta tsaga gidan. Ashe ita ma tana bayan Ilham a tsaye tun ɗazu.

Ranar Lahadi da yamma Ukasha ya iso Tudun Wada, ko gida bai biya ba. Ya daɗe a durƙushe gaban Baba kafin a ba shi izinin ganinta.

Ta fito soro kanta a sunkuye. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Ka yi fushi da ni," ta ce.

"Na yi. A filin jirgin nan har na rantse ba zan ƙara kiranki ba."

"Sai me ya faru?"

"Sai na ga ban san wata lamba da ka ba sai taki."

Dariya ta kufce mata, hawaye na bin kumatunta.

"Ɗago mana ki dube ni, sahibata. Na yi tafiya mai nisa."

Ta ɗago.