Abin da 'Yar Mai Nono Ta Gani

Duk wanda ya san kasuwar shanu ta Mai'adua ya san Mainasara tun yana dillalin da ba shi da ko akuya. Jarinsa bakinsa ne. Yana jin Fillanci kamar a ruga aka haife shi, shi ya sa in rigimar makiyaya ta kai caji ofis a Daura, shi ake kira ya yi tafinta, a sallame shi da na goro. Da na goron nan ya sayi tabarau. Idonsa lafiya lau, amma ya ce mai hulɗa da hukuma bai kamata a riƙa ganin ƙwayar idonsa a banza ba.

Tireloli ne suka hana shi sakat. Kullum ana loda shanun wasu zuwa Kudu, shi yana riƙe da igiya. Ran nan sai ya hau babur ya yi bayan Zango, ya sauka inda hanya ta ƙare, ya taka zuwa kukar wani boka da aka kwatanta masa.

Kukar tana da kogo, an toshe bakinsa da buzun baƙar akuya. An kafa ƙahonin shanu a ƙasa, bakinsu sama, kowanne cike da daskararren jini, amma ƙuda ko ɗaya babu. Bokan wani tsamurarren tsoho ne cikin rigar sanyi ta gwanjo, yana ɓare gyaɗa.

"Cire gilashin nan, ba ofis ka zo ba. Me kake so?"

"Shanu, Baba. Ba na kiwo ba, na tirela."

"Za ka iya riƙon baƙo?"

Tsohon ya zaga bayan kuka ya jawo wani baƙin maraƙi. Ya aske gashin goshin Mainasara, ya kwaɓa da kanwa da abin da ke cikin ƙaho, maraƙin ya lashe tas.

"Ba a sayar da shi, ba a yanka shi, ba a haɗa shi da garke. Makiyayinsa kuma shi zai zaɓa."

"In ɗan kiwo ne zan ɗauka in biya."

"Ban ce ka ɗauka ba. Cewa na yi zai zaɓa."

"Ladan aikin fa?"

"Shi zai karɓa."

Mutumin da ba ya sayen tsohuwar saniya sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ranar bai ƙara tambaya ba.

Arziki ya zo da gudu. Tirela ta haifi tirela. Ya gina bene a Daura da zakunan siminti a ƙofa, sunansa ya koma Alhaji Dakta, ko da yake ba wanda ya san asibitin. Maraƙi ya zama sa, yana turke a bayan gida. Ya lashi hannun Amadu mai ba shi dusa, aka wayi gari Amadu a bushe a gindin turke. Ya lashi ƙanen maigidan, shi ma aka kai shi kushewa. Siddiƙa matar gidan ta fara kai wa san tuwo a kwanon miji, tana durƙusawa tana gaishe shi tana dariya. Aka yi ruƙiyya har malamai suka gaji.

Sai ran da Mainasara ya ga san yana lasar kan Ikrima, ɗansa na fari, yaron da bai gama famfarar haƙora ba. Ya koma gindin kuka a guje.

"Baba, ban da wannan."

"Wannan ne cikon. Ka kawo su bakin hanya da safe, ka ba yaron igiya, san ya san hanyar nan. Yaron zai tsaya nan har faɗuwar rana. In wani ya zo ya kira sunansa kafin nan, ka tafi da ɗanka, tirelolin su koma inda suka fito."

"In ba a zo ba fa?"

Tsohon ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Washegari Mainasara ya ɗora yaro da sa a a-kori-kura, ya sauke su, ya dawo ya karya kumallo.

Hussaini, kawun yaron, shi ya kai cigiya caji ofis. Ba wanda ya yi mamaki. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya fita yana cigiyarsa a titi. Bayan azahar 'yan sintiri suka kawo wata ƙaramar yarinya daga kasuwa, Madina, 'yar Fulanin da suka sauka kwanan nan daga Nijar. Ba ta jin Hausa. Abin da aka iya tsinta a bakinta kawai shi ne ta ga yaro.

"A nemo mai Fillanci," in ji Hussaini.

Insifekta ya ce, "Ga tafintanmu a zaune, kuma ɗansa ne. Wa zai fi shi kula?"

Yarinyar ta tsuguna da ƙwaryar nononta, kanta a ƙasa, don ba a koya mata kallon idon babba ba, balle nuna shi da yatsa. Ta yi magana a hankali. A ɗakin nan mutum ɗaya ne ya ji ta.

"Na ga yaro riƙe da baƙin sa a gindin kukar bayan Zango. Yana kuka, yana ta cewa Baba. Na ba shi nono, ya kasa sakin igiyar ya karɓa. Wanda ya sauke su a mota kai ne, Baffa."

Mainasara ya dubi taga. Da sauran rana sosai. Mota za ta kai, ta dawo ma.

"Ta ce mutum biyu ne a kan babur, sun rufe fuska, sun yi hanyar Kazaure."

"Duk dogon zancen nan?" in ji Insifekta.

"Haka Fillanci yake, yallaɓai. Akwai tsawo."

Hussaini ya matso. "Don Allah, Alhaji, tambaye ta ko da ransa."

Ya tambaya, don ana kallonsa. Ta ce, "Yana tsaye har muka hau motar kasuwa. Ku zo in nuna muku, ba nisa."

"Ta ce a sallame ta, nononta zai yi tsami."

Insifekta ya jinjina kai ya dubi yaransa. "Kun ga kara ko? Ɗan fari, amma ko hawaye babu. Irin mutanen dauri ke nan."

Motar 'yan sanda ta yi Kazaure, Hussaini a baya. Mainasara ya yi la'asar a sahun gaba. Da magariba ta yi, shi ya fara cewa amin.

Da safe san yana bakin turkensa, yana jan igiya a ƙasa, shi kaɗai. Ikrima ko takalminsa ba a gani ba.

Kuma abin da aka saya da yaron bai zauna ba. Tirela ta kife, ciwo ya shiga garke, aka sayar da benen da zakunansa. Dangin Siddiƙa suka zo suka tafi da ita a ɗaure.

Yau in kun je Mai'adua ranar kasuwa za ku gan shi ba hula, yana tare mutane ɗaya bayan ɗaya. "Ta ce yana gindin kuka. Ta ce yana tsaye. Ta ce ba nisa." Fassarar daidai take yanzu, ba ragi ba ƙari. Yara na jifansa da kashin shanu.

Don haka mai jin zuciyarsa na tashi in tirelar wani ta wuce, ya nemi wuri ya zauna. Masu kogon kuka ba sa ba da kyauta. Kuma ba ƙwace ɗanka za su yi ba: kai za ka kai shi, a ba ka yini guda ka fasa, ka ƙi.